Yadda na miƙar da jikin ƙaramin jirgin katakon balsa bayan ya kantare

Jirgin da nake magana a kai ƙaramin jirgin sama ne irin na koyon tuƙi da rimot, fiffikensa a sama, faɗinsa kimanin mita 1.2, tsawon jikinsa milimita 900. Bangon hagu da na dama katakon balsa ne, wani katako mai laushi marar nauyi, mai kaurin milimita 3, an ƙara masa siririn filawud daga hanci zuwa bayan mazaunin fiffike. An riga an manna allunan shamaki na ciki, waɗanda zanen ginin jirgin ke sa wa lamba F1, F2 har zuwa baya, an haɗe bangayen biyu a wutsiya, an rufe ƙasan hanci. Saman baya da ƙasan baya ne kawai ba a rufe ba. A nan na ɗaga shi na leƙa daga wutsiya zuwa hanci, sai na ga ya lanƙwashe kamar ayaba, wutsiyar ta gudu hagu. Duk wanda ya kai wannan mataki ya san yadda gaba ke faɗuwa, don abin da ke fara zuwa rai shi ne a jefar a yanko sabbin bangaye. To amma balsa ba katakon da za ka shiga kasuwar 'yan katako ka ce a yanka maka ba ne. Mafi yawansa daga Ikwado yake fitowa, mu kuwa sai an yi oda daga waje, a jira makonni, kuma sau da yawa kuɗin aikowa ya fi na katakon. Saboda haka gyara ya fi sauƙi, muddin an bi shi daki-daki.

Matakin farko awo ne, kuma kada a taɓa ruwa ko wuƙa kafin a gama shi. Ido na ruɗin mutum, musamman idan hasken ɗaki daga gefe ɗaya yake zuwa. Na fara da teburin aikin kansa: na kifa doguwar rular ƙarfe a kansa ta tsawo, ta faɗi, da kusurwa zuwa kusurwa, ina duba ko haske na ratsa ƙarƙashinta. Teburin da ya lotsa da milimita 2 a tsakiya zai ba ka jirgi mai wannan lotsawar komai ƙwarewarka. Gilashi mai kauri ko ƙyauren ƙofa mai santsi da aka shimfiɗa wa allon silin mai laushi, wanda fil ke iya shiga, sun wadatar. Na ja layi madaidaici guda a kan allon, na sa alamar tsakiya da fensir a gindin kowane allon shamaki, na ɗora jikin jirgin yadda tsakiyar F2 da F3 suka hau layin daidai. Waɗannan biyun su ne ke riƙe da mazaunin fiffike, su ne ma'auni, komai daga gare su ake auna shi. Wutsiya ta kauce wa layin da milimita 8 zuwa hagu a tazarar kusan milimita 500. Ƙa'idar da ta kamata a riƙe ita ce digiri ɗaya yana daidai da kaucewar milimita 1.75 a kowace milimita 100. Ke nan wannan ya kusa digiri ɗaya, kuma jela ta tsaye, wato ɗan fiffiken baya mai tsayuwa sama, da aka kafa a kan irin wannan wutsiya za ta riƙa jan jirgin gefe tun daga tashi har sauka.

Lanƙwasa ba ita kaɗai ce cutar ba, akwai murɗewa, kuma ta fi ɓuya. Na samo sanduna biyu madaidaita masu tsawon kusan santimita 40, na gitta ɗaya a kan mazaunin fiffike, ɗaya a kan mazaunin jela ta kwance, wato ɗan fiffiken baya da ke kwance, na ja da baya na tsuguna har idona ya zo daidai da su. In sandunan sun kwanta layi ɗaya, lafiya. Nawa kuwa ta bayan ta ɗaga ta dama, bambancin bakinta biyu ya kai milimita 10, wato murɗewar da ta kusa digiri ɗaya da rabi. Awo na uku shi ne ko wutsiya ta yi sama ko ta yi ƙasa idan aka gwada da zane. Wannan ya fito daidai, kuma galibi haka yake ga jirgi mai bangon allo, don allo ba ya yarda ya lanƙwashe ta tsayensa. A jirgin da aka gina da siraran sanduna kuwa, dole a duba shi da kyau, don shi ke canja kusurwar da ke tsakanin fiffike da jela.

Kafin gyara sai an san dalili, in ba haka ba jirgin zai koma gidan jiya. Na ɗauko ragowar allunan biyu da aka yanko bangayen daga jikinsu, na yanka guntaye masu girma ɗaya na ɗora a ƙaramin sikelin dijital. Na hagu ya fi na dama nauyi da kusan rabi. Haka balsa yake: allo mai kaurin milimita 3, faɗin 100, tsawon 915, yana iya yin giram 27 in mai sauƙi ne, yana iya haura giram 50 in mai tauri ne, alhali a ido kamarsu ɗaya. Idan aka jawo bangaye biyu aka haɗe su a wutsiya, mai taurin zai ƙi tanƙwaruwa, mai laushin ya ɗauki dukan lanƙwasar, sai wutsiya ta tafi ɓangaren mai taurin. Yankan allon ma yana da tasiri. Wanda jijiyoyinsa suka tafi dogo-dogo a miƙe yana naɗuwa da sauƙi, wanda fuskarsa ke da ɗigo-ɗigo mai ƙyalli yana da tauri ta faɗi, ya gwammace ya tsage da ya naɗu. Dalili na biyu da ake yawan samu shi ne manna filawud da farin gam na kafintoci. Gam ne mai ruwa, fuskar da ya jiƙa takan kumbura, in ba a danne da nauyi har ya bushe sarai ba, bangon zai fito a kantare tun kafin a haɗa shi da ɗan'uwansa. Na uku yanayi ne. Allon da ya sha laimar damina sannan hunturu ya same shi rabin gini yakan motsa, musamman in gefe ɗaya na kallon taga.

Na fara da hanya mafi sauƙi, wato tururi. Na ɗora butar shayi har ta tafasa, na riƙe bayan jirgin a kan tururin kamar taƙi ɗaya daga bakin butar, ina juya shi na minti biyu zuwa uku, ina tanƙwara shi a hankali zuwa dama tare da murɗa shi kishiyar yadda ya murɗe. Ana wuce daidai da kaɗan, don katako yakan dawo da wani abu bayan an sake shi. Sannan na kafe shi a kan allo ya kwana. Wannan hanya tana aiki sosai ga jirgin sanduna mai rufin takarda, kuma tana isa idan kaucewar ba ta wuce milimita 2 ko 3 ba. A nan kam da safe na tarar ya dawo da fiye da rabin abin da aka gyara. Dalilin a fili yake: gam ɗin wutsiya da na allunan shamaki sun kulle bangayen a tsawon da bai dace ba, tururi kuma ba ya canja tsawon allo. A kula da abu biyu. Tururi mai yawa yana sassauta farin gam, haɗin da kake so ya tsaya sai ya buɗe. Sannan yatsu: tururi ya fi ruwan zafi ƙuna, a sa safar hannu.

Daga nan sai wuƙa. Na zura sabuwar reza tsakanin bangayen biyu a wutsiya na raba su, sannan na saki allunan shamaki na baya daga bangon dama kawai, na bar su manne da na hagu don kada matsayinsu ya ɓace. Yadda ake sakin haɗi ya danganta da gam ɗin da aka sa. Sufa gulu yana narkewa da asiton, ruwan goge fentin farce mai asiton ma yana yi in aka ɗiga aka jira, aka sake ɗigawa, sai dai yana jan lokaci. Farin gam yana saki da ɗumi da ɗan ruwa. Gam mai haɗi biyu, irin su Araldite, ba ya jin asiton bayan ya kama, sai an ɗumama shi da na'urar busar da gashi ya yi laushi, ko a yanka gefensa da siririn zarto. Kada a ɓamɓare da ƙarfi, domin balsa ya fi kowane gam rauni, abin da zai ɓalle katakon ne. Tsohon gam da ya saura a fuskar haɗin kuma sai an goge shi da samfefa mai lamba 120 da aka manna a jikin guntun katako, don sabon gam ba ya kama tsoho da kyau. Da bangayen suka rabu, gaskiya ta fito: na hagu ya tsaya kusan a miƙe, na dama ya zauna a lanƙwashe.

Aikin da ya rage shi ne a sa bangon hagu ya yarda ya tanƙwaru daidai da na dama. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan kuwa sai an mayar da shi ɗanyen da hannu. Abin da magina ke amfani da shi ruwan amoniya ne na goge-gogen gida, a gauraya shi da ruwa rabi da rabi. Amoniya tana sassauta sinadarin lignin da ke riƙe da zaruruwan katako, sai allon ya yi laushi na ɗan lokaci, in ta fice ya daskare a sabon siffarsa. Ba ta da tsada, ana samunta wajen masu sayar da sinadaran haɗa sabulu, ruwan goge gilashi mai amoniya ma yana taimakawa ko da yake ƙarfinsa kaɗan ne. A yi aikin a waje ko a buɗe tagogi, warinta na shaƙe mutum yana sa hawaye, kuma ko da wasa kada ta haɗu da bilic, haɗinsu na fitar da iska mai guba. Na shafa ta da soso a fuskar waje ta bangon hagu kaɗai, daga F3 zuwa wutsiya, na bari ta jiƙa minti goma, na sake shafawa. Fuskar waje ake jiƙawa saboda gefen da ya jiƙe shi ke kumbura ya tura allon ya lanƙwasa zuwa ciki, inda ake so. In aka jiƙa bangayen biyu, an koma inda aka fito, mai laushi zai ƙara laushi.

Akwai sanda mai kusurwa uku da ke bin gefen bango ta ciki, sama da ƙasa, wadda ake sassaƙe kusurwar jirgi a kanta daga baya. Ta hagu ita ma mai tauri ce, amoniya daga waje ba ta isa gare ta. Na tsattsaga ta da siririn zarto, tsaga zuwa rabin kaurinta, tazarar milimita 10 zuwa 15, a daidai wurin da lanƙwasar ta fi tsanani, wato bayan F3. Ta ciki ake tsagawa, don in bangon ya tanƙwaru bakin tsagar rufewa yake yi. Bayan an gama saiti sai a ɗiga wa kowace tsaga sufa gulu mai ruwa-ruwa, ƙarfin ya dawo. Wasu na tsaga allon bangon kansa, ni ban so hakan ba sai in babu makawa, kuma ko an yi kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, don nan ne jirgi ke karyewa in ya sauka da ƙarfi.

Sai kafewa. Na shimfiɗa farar leda a kan layin tsakiya don kada gam ya kama allo, na danne tsakiyar jirgin da jakunkunan yashi ƙanana, na kafa F2 da F3 a kan layi. Na jera guntayen katako masu kusurwa madaidaiciya bibbiyu, ɗaya a kowane gefe, daidai kowane allon shamaki, na duba kowanne da sikwaya kafin na dunƙule shi da fil. Waɗannan su ke hana bangaye kwantawa gefe, wanda shi ne asalin murɗewa. Na jawo wutsiyar ta hau layi, na wuce shi da kusan milimita 2 zuwa dama, na matse da maƙalan shanya, babu gam tukuna. A nan mutum zai ga bangon dama ya zarce na hagu a wutsiya da kamar milimita ɗaya. Kada wannan ya dame shi, wannan 'yar milimitar ita ce ta kulle kaucewar milimita 8, kuma yunƙurin daidaita bakunan biyu zai dawo da lanƙwasar. Daga baya ake goge abin da ya zarce.

Jira shi ne mataki mafi wuya, don hannu na ƙaiƙayi. Da hunturu awa 24 sun isa, da damina a ba shi 48 ko fiye. Alamar ita ce warin amoniya ya tafi gaba ɗaya, kuma in ka ɗora bayan hannu a kan katakon ba ka ji sanyi ba. Kada a kai shi rana ko a hura masa zafi don sauri, waje zai bushe ciki na jiƙe, sabuwar kantara ta fito. Kuma kada a sa gam a kan katako mai laima: sufa gulu yakan kama nan take ya yi fari ya zama mai gautsi kafin ya ratsa, gam mai haɗi biyu kuma ba ya riƙe jiƙaƙƙen wuri. Da ya bushe na cire maƙalan, wutsiyar ta dawo ta tsaya a kan layi da kanta, ba tare da an tura ta ba. Wannan shi ne abin da ake nema. In sai an danna ta take hawa layi, a sake jiƙawa, don gam da aka sa a kan katako mai turjiya zai riƙe na wani lokaci ne kawai.

Mannawa daga gaba ake farowa zuwa baya, allon shamaki ɗaya bayan ɗaya, ana duba alamar tsakiyarsa a kan layi kafin a sa gam, wutsiya ce ta ƙarshe. Na gyara goshin bangayen ta ciki da samfefa yadda za su haɗu a kaurin da zane ya nuna, kowanne an ci masa daidai da ɗan'uwansa. Farin gam na yi amfani da shi a nan saboda yana ba da minti kaɗan na gyara zama, sufa gulu kuwa ba ya ba da ko numfashi. Murɗewar da ta saura ba a gyara ta da ruwa, rufi ne ke gyara ta. Akwatin da sama da ƙasansa ke buɗe ana iya murɗa shi da yatsa biyu, da zarar an rufe fuskokin huɗu ya kulle a yadda aka same shi, ko daidai ko karkace. Saboda haka na mayar da sandunan awo biyu, na cusa 'yar takarda mai kauri a ƙarƙashin gefe ɗaya na wutsiya har suka yi layi ɗaya, na rufe saman baya da balsa mai milimita 1.5 jirgin na kafe a wurinsa. Jijiyar allon rufi ta gitta jirgin daga hagu zuwa dama, gunduwa-gunduwa, kada ta bi tsawonsa. Sai da gam ya bushe na ciro shi, na kifa, na sake kafewa a kan layi na rufe ƙasa. Ga jirgin sanduna, abin da ke yin wannan aiki shi ne sandunan da ake gittawa daga kusurwa zuwa kusurwa a kowane gurbi.

Ko an yi duk wannan, ragowar kaɗan takan saura, kuma a mazaunin jela ake cinye ta. Mazaunin siriri ne, don haka gyara kaɗan yana yin tasiri babba: a mazauni mai faɗin milimita 20, goge milimita 0.4 daga gefe ɗaya yana juya jela da fiye da digiri ɗaya, wanda a jela mai faɗin milimita 450 ya kai bambancin milimita 8 ko 9 tsakanin bakunanta. A riƙa shafa samfefa sau biyu ana dubawa. Na ɗaura fiffike, na tsaya a baya na ga jela ta kwanta daidai da shi, sannan na kafa fil a tsakiyar F1, na ɗaura zare marar miƙewa na auna zuwa bakin jela na hagu da na dama har suka zo ɗaya. Haka aka yi wa fiffike daga fil a wutsiya. Jela ta tsaye kuma layin tsakiya take bi, ba gefen bango ba. Masu jirgin da ake saki ba rimot sukan karkata jela ta kwance da gangan don jirgin ya riƙa kewaya, wannan ya nuna yadda 'yar karkata ke juya jirgi. Allon inji, wanda ake ɗaure injin a jikinsa, shi ma a sake auna shi: yawancin zane na sa injin ya kalli dama da ƙasa da digiri 2 zuwa 3, kada a ɗauka wannan kuskure ne a miƙar da shi.

Rufin leda na iya rushe aikin duka. Ledar rufi irin su Oracover tana kamawa da ɗumi kaɗan, tana tsukewa da zafi mai yawa, kuma in aka tsuke gefe ɗaya sarai kafin a taɓa ɗayan, za ta ja siririn baya ta lanƙwasa shi. Na manna dukan fuskokin da ƙaramin zafi, sannan na tsuke su bi da bi, hagu kaɗan, dama kaɗan, ina komawa kan layi ina dubawa. Wannan jan yana da amfaninsa: in ragowar ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu ba, a tanƙwara jirgin da hannu, a bi tamojin da suka fito da dutsen guga, a riƙe har ya huce. Mai rufin takarda da ruwan dof, wato fentin da ke tsuke takarda, shi ma ya shafa wa gefe biyu a zama ɗaya, ya kafe jirgin har ya bushe. Abu na ƙarshe kafin filin tashi shi ne ma'aunin nauyi. Gam da ƙarin katako duk a baya suka taru, kuma a irin wannan jirgi giram ɗaya a wutsiya yana bukatar kusan uku a hanci. Matsar da batir gaba ya wadatar, har jirgin ya daidaita a inda zane ya nuna, galibi tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗin fiffike daga gabansa.

A sama ake gane ko gyara ya yi. Jirgin da jikinsa ya karkace ana iya saita shi da rimot ya tafi a miƙe a gudu ɗaya, amma da an ƙara wuta ko an rage sai ya sake jan gefe. Wannan ya tashi da saiti kaɗan, bai canja hali da canjin gudu ba. Ga mai shirin sabon gini, rabin wannan wahala ana kauce mata ne tun a zaɓen katako: a auna allunan bangaye a sikeli, a kafe bakinsu a gefen tebur a ɗora musu nauyi iri ɗaya a ga ko sun sunkuya daidai, in da hali a yanko bangayen biyu daga allo guda. A bar sabon katako ya yi kwanaki a ɗakin aiki kafin a yanka, a ajiye shi a kwance da nauyi a kai, a manna filawud da gam marar ruwa. In kuwa kantarar tana gaba ne, a inda filawud yake, ko an riga an rufe fuskoki huɗu da gam mai haɗi biyu kuma kaucewar ta haura santimita ɗaya, tsaga rufin zai ci lokaci da nauyi fiye da kima. A nan gara a ceci allunan shamaki da allon inji, a kwafi bangayen daga zane a kan sabon allo.